Waƙa, tawada da dutsen Fuji a takarda ɗaya

A Kyoto na koyi yin kakejiku, doguwar takarda mai naɗewa da Japanawa ke ratayewa a tokonoma, lungun da ake ware wa ado a ɗakin baƙi. Malamarmu dattijuwa ce marar yawan magana. Ta ce kowa ya zaɓi waƙarsa tukuna, zane ya biyo baya. Na ɗauki ta Yamabe no Akahito, mawaƙin ƙarni na 8, wadda ke cikin waƙoƙi ɗari da Fujiwara no Teika ya tattara a ƙarni na 13. Mawaƙin ya fito gaɓar Tago ne ya hango dusar ƙanƙara tana sauka a kan Fuji.

Tawadarsu sanda ce ta kunkunniya da danƙon fatar dabba, ana goga ta a kan dutse da ɗan ruwa. Wanda ya taɓa haɗa tawadar allo da ƙaro zai gane abin, sai dai a nan ruwa ne ke mulki. Sanda ɗaya za ta ba ka baƙi wuluk na itatuwan kusa, ta kuma ba ka ruwan toka na hazon nesa. Takardar gargajiyarsu, washi, kuwa shan ruwa gare ta, burushi na taɓa ta an gama, babu gyara.

Da na zo zana dutsen Fuji sai malama ta riƙe mini hannu. "Kada ka zana dusar," in ji ta, "shafa sararin sama kawai." Na shafa toka-toka a gefe, farin takardar da kansa ya zama ƙwanƙolin Fuji. Haka Sesshu, shahararren mai zanen tawada na Japan, ya yi a zanensa na 1495 da ke gidan tarihin Tokyo: 'yan fantsalin tawada, yawancin takardar fili.

Rubutun ya fi ba ni wuya. Gaɓoɓi 33 ne kacal, daga sama zuwa ƙasa, daga dama zuwa hagu, amma ba a jere su reras. Ana warwatsa layukan, wani dogo wani gajere, a bar tawada ta ƙare a burushi kafin a sake tsomawa. A ganina nan ne gwaninta take.

Sauran aikin na masu liƙi ne: takarda bisa takarda a baya, da kunun sitacin alkama da ruwa ke iya ɓamɓarewa idan gyara ya taso, sannan kyalle da sanduna sama da ƙasa. Tawa ta hunturu ce, don haka da bazara ta shigo na naɗe ta, na mayar cikin akwatinta na katakon wani itace da suke kira kiri.