Ranar da Takarda Ta Ci Amanata a Gaban Ƴan Garinmu

A shekarar da aka naɗa ni sakataren ƙungiyar ƴan garinmu na Adar mazauna Yamai, aikin farko da ya faɗo kaina shi ne in tashi a taron shekara in yi bayanin kuɗin da aka tara don gyaran rijiyar ƙauye. Na yi kwana uku ina rubuta jawabi mai shafi huɗu da Faransanci, domin da shi muka yi karatu tun daga ajin farko na lakwal har Jami'ar Abdou Moumouni, ga shi kuma hannuna bai saba rubuta wani harshe ba. Waɗanda za su saurare ni kuwa yawancinsu ƴan kasuwar Katako ne da dillalan albasar Galmi da direbobi da iyayenmu mata, saboda haka na yanke shawarar cewa ido zai karanta Faransanci, baki kuma ya riƙa juya shi zuwa Hausa nan take.

Shafin farko ya wuce lami lafiya, tunda gaisuwa ce kawai. A shafi na biyu na ci karo da wata doguwar jimla wadda kanta ke gabas wutsiyarta na yamma, na fara fassara ta daga tsakiya, yatsana ya ɓace daga layin, fanka ta ɗaga takardar, wani kuma daga baya ya ce a ɗaga murya. Makogwarona ya bushe ƙayau, gwiwoyina suna kaɗawa a cikin babbar riga. Na karanto lambobi a jere kamar mai biya hadda, na zauna, ba wanda ya gane ko kuɗin sun isa ko ba su isa ba.

Da aka watse, kawuna ya ja ni gefe, bai yi mini faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi da harshensa na Tawa: "Yaro, mi kaka so su tahi gida da shi?" Na ce masa, "Kawu, so nake su san cewa kuɗin sun kai rabi, saura rabi kafin damina." Ya ce to me ya hana ni faɗin haka tun farko. Duk abin da na koya daga baya game da magana a bainar jama'a, daga wannan tambaya ya tsiro. Wanda bai iya faɗin saƙonsa cikin jimla ɗaya ga mutum ɗaya a bakin ƙofa ba, bai shirya tsayawa gaban mutum ɗari ba, ko da kuwa shafi goma ya rubuta.

Abu na biyu ya fi shafar mu da muka bi ta lakwal. Jawabi da baki ake shirya shi, kuma cikin harshen da za a yi shi. Tun daga watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, don haka ina sa ran ma'aikaci da ɗalibi za su ƙara samun kansu a gaban jama'ar da ke jiran Hausa tsantsa. Abin da nake yi yanzu shi ne in ɗauki wayata in yi jawabin gaba ɗaya kamar saƙon murya na WhatsApp, sannan in saurara. Karon farko da na gwada, kunya ta kama ni, domin na ƙirga kalmomin Faransanci irin su "bon" da "donk" da "wala" sun fi ƙarfin yatsun hannuwana biyu cikin minti uku, ga "ka gane" a ƙarshen kowace jimla. Waɗannan kalmomi suna shigowa ne a gurbin da tunani ya tsaya, maganinsu kuwa shi ne a yi shiru a ja numfashi. Shirun da mai magana ke jin ya yi tsawo, mai sauraro bai ma lura da shi ba. Bayan waya, fada, wato majalisar da abokai ke zaman shan shayi, ita ce makaranta mafi arha: a tashi tsaye lokacin da ake jiran shayi na biyu, a yi wa abokai jawabin, domin su ba sa jin nauyin cewa ba su gane ba.

Tsoron kansa ba ya tafiya, kuma ban yarda da masu cewa su ba sa jin komai ba. Idan mutum ya ga idanu sun yi masa caa, jiki yana sakin sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara bugu, yawu ya janye, hannu ya ɗauki rawa. Yawanci abin ya fi tsanani kafin a fara da kuma mintin farko, daga nan ya lafa. Shi ya sa nake haddace jimloli biyu na farko kamar sunana, in ajiye ruwa kusa, musamman a zafin Afrilu na Yamai ko lokacin ƙurar hunturu, kuma ba na riƙe falle ɗaya na takarda, domin ita ce ke fara tona asirin mai rawar hannu. Kati mai kauri ya fi.

Gaisuwa kuwa, a wurinmu ba a wasa da ita. A tambayi masu shirya taro tun da wuri su wane ne za su halarta da yadda aka jera su, domin tsallake mai gari ko liman ko wata dattijuwa da kowa ke kira Inna yana iya rufe kunnuwan rabin zaure. Amma na sha ganin wanda aka ba minti biyar ya cinye huɗu a "mai girma" da "mai martaba". Idan wanda ya gabace ka ya riga ya jera su, ya isa ka gaida shugaban taro da iyaye, ka haɗa sauran a gaisuwa ɗaya. A kuma dubi agogo da lokacin salla, domin da zarar ladan ya kira la'asar, ko zuma ke fita daga bakinka mutane takalmansu za su nema.

Makirufo a riƙe shi kusa da haɓa, kada a hura shi, kuma a yi shirin ɗaukewar wuta ta hanyar saba wa murya kaiwa ga mutumin da ke layin ƙarshe.

Da shekara ta zagayo aka sake ba ni wannan bayani. Na zo da kati ɗaya mai kalma huɗu: rijiya, siminti, saura, damina. Gwiwoyina sun kaɗa kamar bara, sai dai na zaɓi fuskoki uku, ɗaya a dama, ɗaya a tsakiya, ɗaya a hagu, ina yi musu magana bi da bi. Ban kai ƙarshe ba wata gwaggona ta katse ni daga ɓangaren mata, ta ce, "Ɗana, buhun simintin nan nawa kuka saye shi?" Na faɗa mata farashin da kuɗin mota har ƙauye, ta gyaɗa kai, ta kwance bakin zanenta ta miƙo jika biyar a kai wa ma'aji.