Wata uku na ɓata wa Yayata ina neman ƙullutu

Har yau abin na cina wallahi. Nonon Yaya na hagu ya kumbura ya yi nauyi, da zafi kamar an ɗora garwashi, ta kira ni ɗaki ta nuna min, na laluba ko ina ban ji ƙullutu ba sai na ce mata Yaya kwantar da hankalinki, cutar kansa ai da ƙullutu take zuwa, wannan maruru ne ke son fitowa. Ni na faɗa da bakina. Na je farmasi a nan Garwa ta Kamaru na sayo antibiyotik, ya ƙare na sake sayowa, muka haɗa da gashi da ruwan ɗumi, haka har wata uku.

Alhali shekara 4 da ta yaye autanta. Macen da ba ta shayarwa me zai kawo mata kumburin nono irin na masu jego? Wannan kaɗai ya isa ya tashe ni daga barci, bai tashe ni ba.

Ranar da muka je asibiti likita tana ɗaga zani ta ce tun yaushe fatar ta koma haka kamar ɓawon lemu, kan nonon kuma ya shige ciki. Ta ce akwai wata irin kansa da ba kasafai ake ganinta ba, ba ta yin ƙullutu, hanyoyin ruwa na cikin fata take toshewa shi ya sa nono ke kumbura, kuma gudu take yi cikin makonni. A baƙar fata ma jan ba ya nunawa sosai, duhu kawai wurin ke ƙarawa. Ta ce kumburin da aka sha magani sati ɗaya zuwa biyu bai sauka ba, sai a yanki ɗan nama a auna. Sati biyu fa, ni kuma na kai wata uku.

Ekografi, wato hoton nono, da biyopsi, wato awon ɗan naman nan, duk an yi, sakamako ya tabbatar, muka hau jirgin ƙasa daga Gaundare zuwa Yawunde.

Can kuma wani abu ya ɓullo, kafin a fara shimiyo, wato maganin kansa na ƙarin ruwa, aka ɗebi jini sai ga ciwon hanta na B, ita da ba ta taɓa yin ko shawara ba. Aka auna yawan ƙwayar cutar a jini, aka duba ALAT da ASAT masu nuna lafiyar hanta, aka yi hoton hanta. Likitan ya ce Hajiya shimiyo na karya garkuwar jiki, cutar da ke kwance sai ta farka ta lalata hanta, don haka tenofovir, maganin ciwon hantar, za ki fara sha kullum tun kafin ƙarin ruwan farko. Mu ma duk gidan aka auna mu, ni ba ni da shi, na yi allurar rigakafi guda uku.

Yanzu ta yi shimiyo huɗu, kumburin ya ragu, sai tiyata a gaba. Ba ta taɓa yi min maganar wata ukun nan ba, ko sau ɗaya, ni ce nake ƙirga su duk dare in na ji tana juyi a kan gado.