Abin da shafin gilashin tsohuwar kyamara ya koya mini

A shekarar da na fara koyon gyaran kyamara, maigidana ya miƙo mini wani tsohon gilashi ya ce in share masa ƙurar hunturu. Da na karkata shi a bakin taga, sai na ga wani launi shuɗi-shuɗi kwance a fuskarsa, na ɗauka dauɗa ce, na sa bakin rigata na yi ta murzawa har tsakiyar ta yi fes. Hotunan da aka ɗauka da shi bayan nan duk sun fito kamar cikin hazo, domin na kankare shafinsa, wato siririn rufin da ake shafa wa fuskar gilashi don ya rage mayar da haske, ƙurar da na murza kuma ta bar masa ƙananan zane masu watsa haske.

Daga baya na fahimci girman ɓarnar. Duk fuskar gilashin da ba ta da shafi tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya same ta, kuma wannan haske ba ɓacewa yake yi ba, kai-komo yake yi tsakanin gilasan ciki har wani sashensa ya sauka a kan fim inda bai dace ba, sai baƙi ya koma toka-toka, launi ya kwanta. Shi ya sa samfurin gilashin kyamara mai suna Planar na 1896, mai fuskoki 8 da ke taɓa iska, wanda ke zubar da fiye da rubu'in haskensa, ya daɗe bai kai samfurin Tessar na 1902 mai fuskoki 6 karɓuwa ba, duk da cewa mutum ɗaya ne, Paul Rudolph, ya zana su. Sai da Alexander Smakula na kamfanin Zeiss a Jamus ya yi rajistar dabarar shafi a 1935 sannan ire-iren Planar suka samu sarari. Shafin, wanda galibi na sinadarin magnesium fluoride ne, kaurinsa rubu'in tsawon igiyar haske ne kawai, amma yana rage asarar kowace fuska zuwa ƙasa da kashi 2. A 1971 kamfanin Pentax ya fito da shafi mai hawa 7.

Abin da ya fi damuna shi ne, shafin farko-farko na wasu kamfanoni yana da taushi ƙwarai, idan ya tafi kuma ba ya dawowa a shago irin namu.

A ganina, gilashi mai shafi hawa ɗaya bai cancanci raini ba. Idan aka sa masa rumfar kare haske a bakinsa aka kauce wa fuskantar rana, yana fitar da fuskar mutum da taushin da nake so, musamman a hoton baƙi da fari, inda ake ganin ninkin rawani ko da a cikin inuwa. Yanzu duk gilashin da ya zo hannuna, nakan fara hure ƙurar da 'yar robar iska, in bi da buroshi mai laushi, sannan in haska fitila ta bayansa in duba zane kafin ƙyalle ya taɓa shi.