Ƙafar tsuntsu nake dubawa kafin in yanka waya

Sana'ata ƙera keji, ni da yarana masu walda. Duk wanda ya kawo aiki, kafin mu yi maganar girma sai na tambaye shi wane tsuntsu zai zauna a ciki. Kejin kanari daban, na aku daban, kuma daga ƙafa bambancin yake farawa.

Kanari, kamar yawancin tsuntsaye, yatsunsa uku ne a gaba, ɗaya a baya. Aku kuwa biyu gaba, biyu baya, shi ya sa yake damƙar abu kamar filaya. Saboda wannan ƙafa ne a da masana suka haɗa aku da maƙwaƙƙwafi da ragon maza da tukan, mai ƙaton bakin nan na Kudancin Amurka, a rukuni ɗaya na masu hawa. Wani Bajamushe, Illiger, ya kira su Scansores a 1811. Rukunin ya daɗe da watsewa. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna aku ya fi kusa da kanari a kan maƙwaƙƙwafi, tukan ne dai ya tabbata ɗan'uwan maƙwaƙƙwafi.

Ni ma hawan nasu ban ga ya zo ɗaya ba. Maƙwaƙƙwafi kafa farce yake yi a ɓawon itace, ya tokare da gashin jelarsa mai tauri, ya riƙa tsalle yana yin sama. Aku da baki yake hawa: ya kama da baki, ya ja jiki, ƙafa ta biyo.

To, nan aikina yake. Wayar kejin aku a kwance nake jera ta, aƙalla a gefe biyu, don in duk a tsaye take sai ya riƙa zamewa. Sandar sauka kuma reshen itace nake sawa, wani kauri wani siriri. Sanda mai santsi, kauri ɗaya, tana jawo masa ciwon tafin ƙafa. Masu kawo aiki sukan ce reshen bai yi kyau ba, su nemi roba. Ba na yarda.

Waya mai rufin zinki ko fenti mai dalma ba sa shiga aikina, domin aku yini yake yana gwaguyar waya, kuma duka biyun guba ne a gare shi. Sakata ma sai wadda ake ɗaga ta sannan a murɗa. Wadda ake turawa kawai, in ya ga hannunka yana buɗe ta, ba a daɗewa za ka tarar da shi a kan rufin keji.