Godiya ga duk wanda ya taya mu raya daren Gidan Makama

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, taro ya tashi lafiya. A madadin 'yan uwan da muka haɗu muka shirya kallon fim da kiɗan gargajiya a harabar Gidan Makama, gidan tarihi na Kano, ina godiya ga wanda ya sa hannu, da wanda ya zo, da wanda uzuri ya hana shi amma ya bi mu da addu'a.

Ma'aikatan gidan su ne kan gaba. Gini ne na ƙasa da tarihinsa ke komawa ga Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, don haka tun ranar da muka kawo kaya suka ja mana kunne: ba a buga ƙusa a bango, ba a jingina lasifika da garu. Su da kansu suka taya mu kafa sanduna muka ɗaure farin ƙyalle. Wani dattijo a cikinsu, Baba muke ce masa, ya kwashi yaran da suka zo da wuri ya zaga da su zaure zaure kafin magariba, yana nuna musu tsofaffin ƙyauren ƙofofin ganuwa da kayan yaƙin da. Ba mu roƙe shi ba, ba ya cikin tsarinmu. Allah ya sa ya gama da duniya lafiya.

Fim ɗin da muka haska shi ne Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shekaru da dama ana zaton ya salwanta, sai a 2016 aka gano faifansa a wata tsohuwar ma'ajiya, cibiyar Arsenal ta Jamus da Hukumar Fina-finai ta Nijeriya suka gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Waɗanda suka yi wannan aiki ba su san mu ba, amma suna da kaso a godiyar nan. Na ji tsoron yaran zamani, da suka saba da gajeren bidiyo a waya, ba za su iya zaman fiye da awa biyu ba. Ashe za su iya. Da aka zo inda mahaifiyar Umar ta bar gida ta keta Sahara tana neman ɗanta, har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi, tsit wurin ya yi. Wata Hajiya da ke kan tabarmar gaba ta ja bakin mayafi ta rufe fuska, jikarta na riƙe da hannunta. Dattawa kuwa bayan an tashi suka tsaya suna ta labarin majigi da zamanin sinimar Plaza.

Ana tsakiyar kallo janaretan da muka yi haya ya mutu. Mai kukuma bai jira an ce masa komai ba, ya tashi ya fara goga a cikin duhu, mai kalangu ya ɗauka, mutane suka kunna fitilun waya. Babu wanda ya motsa har wani maƙwabci mai shago ya turo mana nasa janaretan a kura, ya kuma ƙi karɓar ko kuɗin mai. Alhaji, mun gode, Allah ya ƙara buɗi.

Iyayenmu mata masu amada, da kuka kifa ƙwarya a ruwa kuka rufe mana taro, sannunku da ƙoƙari. Mun gode da kuka yarda aka dakata aka yi sallar isha, aka kuma rage sauti saboda maƙwabta. Haka matasan da suka tsare ƙofa, suka ware wa mata gefensu, suka share wurin tas.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Mutane da yawa 'yan cikin birni sun ce wannan ne shigarsu ta farko, alhali kullum ta ƙofar gidan suke wucewa. Ina roƙon iyaye da malaman makaranta su riƙa kawo yara da rana, kada su jira sai mun sake kafa ƙyalle.

An tsinci hula, da carbi, da takalmin yaro ƙafa ɗaya, suna hannunmu, mai su ya yi mana magana. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci.