Godiya ga waɗanda suka jira muryata

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Alhamdu lillahi. Jiya bayan isha'i na naɗi kashi na 48, na ƙarshen littafin binciken kisa da nake karanta muku da murya, na kashe waya, na daɗe zaune a kan tabarma na kasa tashi. Wata bakwai ke nan tun ranar da na tsaya a kashi na 31. Abin da ya biyo baya, wato jinya da tiyatar maƙoƙo, kun san shi, kun bi ni da addu'a tun daga Gusau har Sakkwato, ba sai na maimaita ba. Har yanzu likita bai sake mini in yi doguwar magana ba, ƙarfin da nake da shi na ƙarar da shi a karatun, shi ya sa godiyar ta zo muku a rubuce.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba sai maigidana. Ana gobe za a shiga da ni tiyata, likita ya ɗauki takarda ya zana mini wuya. Ya nuna mini jijiyoyi biyu sirara, ɗaya dama ɗaya hagu, kwance a bayan maƙoƙon da za a cire. Ya ce su ke motsa tantanin murya, kuma ko ba a yanke su ba, ɗan ja ko kumburi kawai yana iya dasar da murya na makonni ko watanni, wani lokaci ma ba ta komawa yadda take. Na sa hannu, hannuna na rawa. Da na farfaɗo daga allurar barci na buɗe baki zan ce alhamdu lillahi, sai iska kawai ta fito. Nas ta ce kada in tilasta, ko raɗa kada in yi, don raɗa ma wahalar da maƙogwaro take yi.

A dare na uku ne abin da nake son ba ku labari ya faru. An rage fitilu, zafi ya hana kowa barci. A gadon da ke kusa da nawa akwai wata tsohuwa daga wajen Ƙaura Namoda, jikarta ke jinyarta. Yarinyar ta ciro ƙaramar waya mai memori ta ajiye kusa da kunnen kakarta. Sai na ji sallamata. Muryata ce, ta da, mai ƙarfi, tana karanta kashi na 19, wurin da Sufeto ya shiga sito da tocila ya tarar da takalmin maigadi ƙafa ɗaya. Ina kwance da bandeji a wuya, ina sauraren abin da ban san ko zai dawo mini ba. Tsoron da na ji a daren nan ya fi na ɗakin tiyata.

Inna ba ta san wace ce a gefenta ba, don haka ta faɗi ra'ayinta tsakani da Allah. Ta ce: “Wagga ɗiya Allah ya hore mata baki. Amma in ta kai wurin tsoro sai ta kama gudu kamar ana korar ta. Ta tsaya mu ji tsoron mana!” Jikar ta ce ai mai karatun ba ta da lafiya, labarin ma ya tsaya a 31. Tsohuwa ta yi shiru, sannan ta ɗaga hannu: “Allah shi tashi kahwaɗunta, shi mai da mata muryatta.” Hawaye ya ƙwace mini. Ta ji shessheƙa, ta ɗauka ciwo ne ya motsa. Matar da ita kanta ba ta iya juyawa sai an juya ta, ta miƙo hannu ta tsakanin gadajen ta kama yatsuna, ta ce: “Yi haƙuri ɗiyata, dare na ka ƙara ciwo.” Haka ta riƙe ni har barci ya ɗauke ta.

Da safe na rubuta a bayan takardar magani cewa ni ce mai karatun, na miƙa wa jikar. Yarinya ta yi ihu har nas ta leƙo. Inna ta dube ni da kyau, ba ta janye ko kalma ɗaya ba. Ta ce: “To kin dai ji abin da nac ce. Ki rage gudu.”

Gaskiyarta. Da na dawo gida ba abin da nake iya yi sai saurare, na bi kashi-kashi tun daga na farko, na ji abin da da yawanku kuka sha gaya mini ina kare kaina. Duk wurin da labari ya ɗau zafi numfashina ke riga shi. Littafin bincike kuwa shiru yake so. In Sufeto ya jefa tambaya, mai saurare na bukatar ɗan lokaci ya yi nasa zargin kafin a ba shi amsa. Mai karatu da ido yana da damar ɗaga kai daga takarda ya yi tunani, amma direban da ke kan hanyar Funtuwa ko matar da ke tuƙa tuwo, ni ce ke riƙe musu da wannan damar. Daga kashi na 38 zuwa ƙarshe za ku ji na sassauta. Rabi dole ce ta sa, don numfashin bai kai na da ba, rabi kuma wasiyyar Inna ce.

Na karanta saƙonninku duka, har waɗanda suka yi zafi. Masu cewa tsakiyar littafin ya ja, musamman rigimar gado, na yarda da ku, kuma na isar wa marubucin, wanda ya ba ni izinin karanta aikinsa bai karɓi ko sisi ba, Allah ya ƙara basira. Masu cewa in cire kiɗan da nake sawa a ƙarƙashin karatu, na cire tun kashi na 10, kuma ban yi nadama ba, ƙarar ƙofa da takun tafiya sun wadatar. Amma 'yan'uwana na Kano da ke cewa ina karanta “lafiya” ta fito “lahiya”, in gyara harshe, a nan kam ban bi ku ba. A Zamfara aka yanke mini cibiya. Maganar marubuci ina karanta ta yadda ya rubuta, amma bakin maigadi da na dillaliya, da bakin mutanenmu nake jin su.

Sai maganar autanmu, da ya karɓi karatun daga 32 zuwa 37 don kada zaure ya mutu. Kun rabu biyu a kansa. Wasu sun ce sun ajiye saurare sai na dawo, wasu sun ce muryarsa ta fi dacewa da Alhajin da ake zargi, har suna roƙon a bar masa shi. Duka biyun sun faranta mini rai. Yaro ne da bai taɓa karatu a gaban makirufo ba, yana dawowa daga shagon ɗinki a gajiye, ya jira unguwa ta yi tsit, janareton maƙwabta ya mutu, sannan ya shiga ɗaki ya toshe taga da bargo. Auta, Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka.

Saƙo ɗaya ne ya hana ni barci. Wata baiwar Allah daga Tsafe ta rubuto cewa ba ta ga dalilin karanta labarin kisa ga mutanen da ke kwana da fargaba ba, abin da muke gani ya ishe mu. Ban raina maganarta ba, na san abin da ya ci gidansu. Abin da zan iya cewa shi ne, na fara wannan karatu a Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar nan, Gusau ta yi kusan wata guda ba kira ba intanet. Matan unguwa ke zuwa da memori ina tura musu, daga nan masu cajin waya suka yaɗa. Tun a lokacin na lura labarin bincike suka fi nema a kan na soyayya. Da na tambayi wata, sai ta ce a cikin littafi in an kashe mutum akwai wanda ke tashi ya tambayi wa ya kashe shi, kuma ba ya zama sai ya gano. 'Yar'uwa, don wannan nake karantawa. In ya fama miki ciwo, ki yafe mini.

Al'ada ba ta son a kama suna a wurin godiya, amma yau sai an yi mini uzuri. Maigidana, da ya yi ta zirga-zirga a hanyar Talata Mafara da Tureta, kilomita fiye da 200, a lokacin da kowa ya san yadda hanyar take. Gwaggona ta Samaru, da ta rufe sana'arta ta kwana a tabarmar asibiti har aka sallame mu. Maƙwabciyata Maman 'yan biyu, da ta haɗa yarana da nata, ta yi musu kitso ta kai su Islamiyya. Mai cajin waya na bakin kasuwar Tudun Wada, da ya ajiye gwangwani a teburinsa, duk wanda ya zo turin littafin ya jefa abin da ya samu. Wani makaho a Birnin Kebbi da ya sa aka rubuto mini cewa kullum yana saka ni a sujada. Masu saurare na Maraɗi da Ƙonni da Jidda da suka turo gudummawa ban san fuskar ko ɗaya ba. Likitoci da nas-nas da suka yi haƙuri da mai ciwon da ke magana da biro.

Akwai kuma waɗanda na yi ta duban ƙofa ina sa ran gani, jinina, waɗanda iyayenmu suka sha nono ɗaya. Ko kira bai samu ba. Na san kowa da uzurinsa, na bar shi a nan.

Ya Allah, duk wanda ya taka ƙafa, ko ya ciro daga aljihunsa, ko ya ɗaga hannu dominmu, ka saka masa da mafificin alheri. Ka tsare shi a hanya da gida. Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, ka kuɓutar da waɗanda ke hannun mutanen daji, ka mayar da su ga iyalansu, ka sanyaya zukatan waɗanda suka rasa nasu. Ka jiƙan iyayenmu. Ka zaunar da Zamfara lafiya, manomi ya koma gonarsa. Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Muryar ta dawo, amma ba duka ba. Ta yi kauri, ba ta hawa sama, don haka 'yar marigayin da kuka saba jin ta da siririyar murya za ku ji ta canza. Ƙwayar da aka ɗora ni a kai kuwa ta zama ta kullum, kowace safiya kafin karin kumallo. Na gode wa Allah a kan haka.

Kashi na 48 zai fito ranar Juma'a bayan isha'i in Allah ya kai mu. Wanda ya riga ji, don Allah kada ya faɗa wa saura wanda ya yi kisan. Sannan ina da roƙo ga mutanen Ƙaura Namoda da kewaye. An sallame ni kafin Inna, cikin ruɗanin haɗa kaya ban karɓi lambar jikarta ba. Duk wanda ya san tsohuwar da ta kwanta jinya a Sakkwato da jikarta mai ƙaramar waya, ya kai mata wannan kashin, ya gaya mata na rage gudu.

Wassalamu alaikum.