Asabar, ni da lissafin jirgin ruwa

Yau tun da na ida sallar asuba ban koma ba. Hunturu ya shigo Katsina da ƙarfinshi, hazo ko ƙarshen layinmu ba ka hange. Na haɗa shayi na zauna da waya da wani tsohon littafin lissafin Abba da ya rage shafuka, dan na yi wa kaina alƙawari yau sai na san gaskiyar tafiyar nan da ta hana ni sakat wata biyu. Malam zai aje aiki ƙarshen shekara mai zuwa, shekara 35 cif yana riƙe da alli, ni kuma kwasar adashina ta faɗo daidai lokacin, shi ne na ce mu ma dai sau ɗaya a rayuwa mu shiga jirgin ruwan nan na shaƙatawa, wanda ake kwana bakwai ciki kullum gari ya waye maka a wani gari. Ranar da na fara faɗa mashi dariya ya yi, ya ce ke da ko kwale-kwalen dam ɗin Jibiya ba ki taɓa shiga ba. Gaskiyarshi, amma dai bai ce a'a ba.

Abin da ya ja ni wata talla ce a Facebook, kwana 7 dala 499, ga hoton jirgi fari ƙal kamar an ɗauko unguwa guda an aza bisa ruwa. Na buga lissafi na ce kai wannan ai bai kai kuɗin Umara ba. Na yi wa wani ejan magana a Kano, tun ranar bawan Allah bai bar wayata ta huta ba, Hajiya a turo yau gurbi zai ƙare, Hajiya saura ɗaki biyu. Wannan azarɓaɓin nashi ne ma ya sa jikina ya yi sanyi. Dan haka wajen sha ɗaya na tari Keke Napep na nufi gidan Yaya babba, tunda shi da Anti sun taɓa yin irin tafiyar daga Dubai.

Na iske Anti tana tsinkar zogale. Ko gaisawa ba mu ida ba na miƙa mata wayar, ta duba tallar ta yi murmushi ta ce miƙo littafin nan da biro. Ta ja layi ƙarƙashin 499 ta ce wannan kuɗin mutum ɗaya ne, kuma sai in ku biyu ne a ɗaki, wanda zai kwana shi kaɗai kusan kuɗin mutum biyu zai biya. Kuma ɗakin da suke nufi na can ciki ne, ba taga ko ta leƙe, in kika kashe fitila ba ki sanin dare ba ki sanin rana. Mai taga ya fi shi tsada, mai baranda ya fi mai taga. Sai ta shiga jero mani abubuwan da tallar ta yi shiru a kai, ina rubutawa hannuna har yana gajiya. Harajin tashoshin da za a tsaya, wani kamfanin yana sa shi cikin farashi wani sai ka zo biya zai fito. Kuɗin hidimar ma'aikata da ake cira kowane dare kan kowane mutum, ya danganta da kamfani amma ka sa ranka tsakanin dala 12 zuwa 20. Abinci kyauta ne ka ci har ka gaji, shayi da ruwan famfon wurin cin abinci ma haka, amma lemon kwalba da ruwan gora a yawancinsu saye ake. Intanet saye ake. Fita yawon gari in an tsaya, shi ma kuɗinshi daban. Ba a zo kan tikitin jirgin sama daga Kano ba, da otal, da biza, da inshora. Da muka tara sai ga 499 ɗin nan ita ce 'yar autar lissafin. Na yi tagumi, Anti ta ce to ai yanzu kika fara shiri, da can mafarki kike.

Inda ta fi daɗewa kuwa biza ne, kuma na ga dalili. Ta ce mu masu koren fasfo ba jirgi muke fara zaɓa ba, hanya muke fara dubawa, ƙasa nawa zai tsaya kuma wace ce za ta ba mu izinin shiga. Kamfanin jirgi ba ruwanshi, in ka zo bakin tasha biza ɗaya ba ta cika ba za su hana ka hawa, kuɗinka kuma sun tafi, ko da ka rantse masu ba za ka sauka a garin ba. Ni da ma hankalina na kan na Turai, wanda ke zagaya Basalona da Marsai da Jenowa da tashar Cibitabekiya da ake sauka a hau mota ko jirgin ƙasa zuwa birnin Rum. Duk waɗannan bizar Shengen, wato ta yankin ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyaka, guda ɗaya ta ishe su, kuɗinta Yuro 90 ga babba, kuma dole ka nuna inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Amma in jirgin zai leƙa Tunisiya ko Turkiyya ya dawo, to ka fita daga yankin kenan, sai bizarka ta zama mai shiga fiye da sau ɗaya, ga kuma ta ita ƙasar da aka leƙa. Samun ranar ganawa a ofishin biza ma wani aiki ne. Babban lokacin jirgin na Turai kuma daga wajen Afrilu zuwa Oktoba ne, mu kuma Disamba muke so.

Nasu na Dubai shi ne na lokacin sanyi, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, ya bi Abu Dabi da Doha, wani ya ƙara da Baharain ko Maskat. Nan ma ƙasa ukku ko huɗu ce, kowace da dokarta, kuma tunda daga Dubai aka tashi can za a dawo, bizar shiga ɗaya ba ta yi. Kowa ya tuna yadda aka rufe wa 'yan Najeriya bizar Dubai a 2022 sai Yulin 2024 aka buɗe, to irin wannan ne ya sa ta ce kada in kuskura in biya kuɗin da ba a maidowa kafin biza ta fito, in nemi tsarin da ake aje kafin alƙalami, kuma a rubuto mani a takarda nawa za a maido in an fasa da kuma zuwa wace rana. Maganar baki ta ejan ba hujja ba ce.

Yaya ya shigo daga masallaci ya iske mu cikin lissafi, shi ne ya kawo zancen AROYA, jirgin Saudiyya da ya fara aiki Disambar 2024 daga Jidda. Ba giya ba gidan caca, abinci halal, ga wurin salla. Wallahi nan take na ji zuciyata ta karkata, dan daga Kano akwai jirgin sama zuwa Jidda, kuma Makka na nan kusa, mutum ya yi Umararshi sannan ya shiga Bahar Maliya. Sai dai Yaya ya ce in tambaya da kyau, in jirgin zai taɓa Masar ko Jodan ya dawo, shin bizar da muka shiga Saudiyya da ita za ta bari mu sake shiga. Ya kuma ce a riƙa sauraren labarai, dan a 2024 kamfanoni da yawa sun janye jiragensu daga Bahar Maliya saboda hare-haren 'yan Huti na Yaman, kuma kamfani na da ikon canza hanya ko ya tsallake gari ba tare da ya nemi shawararka ba.

Muna cin dambu Anti ta ba ni labarin da ya fi tsaya mani a rai. Jirgin nan ba ya jiran kowa. Ba irin motar tasha ba ce da za ka ce direba dan Allah ɗan dakata yana zuwa. Ana rubuta lokacin da kowa zai dawo ciki, galibi rabin awa kafin tashi, kuma da agogon jirgi ake aiki, wanda wani lokacin ya saba da na garin da aka sauka. Ta ce da idonta ta ga wasu mata da miji suna gudu da ledojin sayayya an riga an janye matakala. In fitar ta hannun kamfanin jirgin ka saya kuka makara, za a jira ku, in kai ka ɗauki tasi da kanka to kai ka san yadda za ka iske su a gari na gaba da kuɗin aljihunka. Ni da na san halina a kasuwa, na rubuta wannan na ja mashi layi biyu. Haka ranar tashi, ta ce mu sauka garin kwana ɗaya kafin ranar, gwamma a biya otal na dare guda da a ce jirgin sama ya yi latti ka iso ka iske wayam.

Sauran ƙananan abubuwa a tsaitsaye ta faɗa mani. Mai gudun jiri da amai ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi kuma hawa na ƙasa, can ne ba a cika jin tangaɗi ba, ya riƙe citta da maganin jiri daga kemis. Maganin hawan jinin Malam a jakar hannu, da ƙari, dan babbar jaka karɓewa ake a bakin tasha sai yamma ta iso ɗaki, asibitin cikin jirgi kuma akwai amma da tsada. Ba a shiga da dutsen guga ko hita ko butar lantarki, wuta suke tsoro fiye da komi. A kashe data da zarar an bar gaɓa, in ba haka ba layinka ya kama na tsakiyar teku ya cinye ko nawa ke ciki. Ba a kashe tsabar kuɗi a ciki, katin ɗakinka shi ne makulli shi ne walat, kuma sai an jingina shi da katin banki mai aiki a waje ko ka aje dala a kanta, dan haka in je banki in tabbatar tun yanzu. Yalo kad na rigakafin shawara kada a manta. Fasfo kuma ya zama da sauran aƙalla wata 6 bayan ranar dawowa.

Na ce to salla fa, tunda jirgi juyawa yake. Ta ce kamfas ɗin waya ko ka tambayi ma'aikata inda aka dosa, ka fuskanci alƙibla ka tayar, kuma ai matafiyi ne kai, kasaru za ka yi. Amma buta, ta ce ko mi zan manta kada in manta 'yar ƙaramar buta, banɗakinsu ba a yi shi dan mu ba. Abinci in ba jirgin halal ba ne a sanar da su tun wajen yin rajista, in ba a samu ba ga kifi ga ƙwai ga ganye. Na ce zan ƙullo kilishi da dambun nama, ta ce in Turai ne kada in soma, ba a shiga masu da nama, a filin jirgi za a amshe. Yaji dai ta ce ita ta tafi da nata kuma shi ya cece ta.

Ta farin tawa da ke ta naci a tafi da ita, ita ma na samo mata amsa, yawancin kamfanonin ba su ɗaukar mai cikin da ya kai sati 24, jariri kuma sai ya cika wata 6. Ta lissafa da kanta.

Da la'asar na biya Rafindadi gaida Inna, na yi kuskuren faɗa mata. Ta aje carbi ta dube ni ta ce mota in ta lalace a sauka a tsaya gefen titi, shi wannan in ya lalace ina za ku sauka? Na ce Inna akwai jiragen ceto rataye a jikinshi, kowa da rigar da ke hana nutsewa, kuma doka ce kafin a tashi sai an nuna wa kowa inda zai taru in wani abu ya faru. Ban dai gaya mata cewa an tsaurara dokar ne bayan wani jirgi mai suna Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar Italiya a Janairun 2012 mutum 32 suka rasu ba, wannan na bar shi a cikina. Sai ga shi ita da kanta ta ɗauko labarin mahaifinta, yadda ya bi ta Barno da Chadi da Sudan, yana tafe yana tsayawa neman guzuri, har ya kai Sawakin ya shiga jirgin ruwa zuwa Jidda, ya dawo bayan shekaru ana ce mashi Alhaji. Ta ce har ya rasu in ya tuna tekun nan sai ya ce bai taɓa ganin ƙanƙantar ɗan Adam ba kamar ranar. Ta yi shiru can ta ce shi dai ɗakin Allah ya nufa, ku kuma fa? Na ce ai shi ya sa nake duba na Jidda. Ta ce to wannan da dama, ta sa mani albarka, ta ce in taho mata da dabino.

Ejan ya sake kira ana kiran magariba, na ce ya turo mani sunan jirgi da ranar tashi da jerin garuruwan da za a tsaya da ƙa'idar maido kuɗi, duk a rubuce, in duba a shafin kamfanin da kaina. Ya ce to Hajiya. Har yanzu ƙarfe goma ta wuce bai turo ba.

Bayan isha na nuna wa Malam littafin, ya sa tabarau ya bi shi layi layi kamar yana makin jarabawa, ya gyara mani tari ɗaya da na yi kuskure, sannan ya ce ɗauko fasfunan mu gani. Na jawo akwatin ƙarƙashin gado na zazzage. Nawa da saura shekara ukku. Nashi watan Maris mai zuwa zai mutu. Litinin in Allah ya kai mu ofishin fasfo ya nufa, ni kuma banki.